Yadda na gyara takardar diyyata bayan an ƙi biya

Shekara shida ina shigar da bayanai a kwamfuta, har wuyan hannuna na dama ya fara tashina cikin dare, babban yatsa da manuniya sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Na nemi diyya, aka ƙi, wai babu ranar da hatsari ya faru.

Na yi hoton ƙashi, ya fito lafiya lau, domin matsalar a jijiya take. Wasiƙar roƙo daga oga ma ba ta yi komai ba.

Ga abin da ya yi aiki. Na koma wajen likita aka yi gwajin jijiya da na'ura, ya nuna ta matsu. Na roƙe shi ya rubuta ƙarara cewa maimaita motsi ɗaya a wurin aiki ne sanadi, don rahoton farko "ciwon hannu" kawai ya ce. Na haɗa da rajistar aiki mai nuna awa takwas kullum. Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ba da kwana 180 na ɗaukaka ƙara, na kai a rubuce, aka buga hatimi a kwafina.

Alhamdulillahi, an amince. Allah ya saka wa likitan da alheri.