Yadda za ka gane shugaba na shirin tazarce tun bai furta ba

Babu shugaban da zai fito ya ce jama'a ni fa ba zan sauka ba. Shirin tazarce a hankali ake ƙulla shi, shekara ɗaya ko biyu kafin wa'adi ya cika, kuma in ka san inda za ka zuba ido za ka gano shi tun da sauran damar taka masa birki.

Kar ka tsaya jiran bakin shugaban, 'yan kanzaginsa za ka saurara. Ran da ka ga ƙungiyoyin da ba a taɓa jin sunansu ba sun fito gangami suna roƙon a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya faro, shi kuma ya yi gum, to an fara. Haka aka yi a Nijar a ƙarshen 2008, kafin ka ce kwabo Tandja ya rusa majalisa ya rusa kotun tsarin mulki a 2009, aka yi raba gardama ran 4 ga Agusta ya ƙara wa kansa shekara 3.

Da ka ji an ce za a gyara kundin tsarin mulki, nemi takardar ka karanta da idonka, kar ka yarda da taƙaitawar kowa. Dabarar ita ce a cusa maganar wa'adi a tsakiyar gyare-gyare masu daɗin ji. A Najeriya a 2006 gyara sama da 100 aka haɗa da zango na uku na Obasanjo a ƙudiri guda. Yuganda ta cire iyakar wa'adi a 2005, Kamaru a 2008, kuma da shekaru suka kusa hana Museveni na Yuganda takara aka cire iyakar shekara 75 ɗin ma a 2017, don haka duba sashen shekaru shi ma.

Amma wacce ta fi tayar min da hankali ita ce wadda ba a taɓa iyakar ko kaɗan. Za a kawo sabon kundi dal, ka buɗe ka ga an rubuta zango biyu ƙarara, hankalinka ya kwanta, ashe nan aka yi maka sakiyar da ba ruwa, don daga baya lauyoyinsa za su ce sabon kundi sabon lissafi, shekarun baya ba sa ciki. Ouattara na Kot Dibuwa ya yi haka da kundin 2016 ya tsaya karo na uku a 2020, Alpha Conde ya yi a Gini a 2020 ɗin, Putin ma a shekarar aka mayar masa da lissafi sifili. Tambaya ɗaya za ka riƙe, a ina aka rubuta cewa wa'adin da mai ci yanzu ya riga ya yi yana cikin lissafi? In babu wannan layin baƙi da fari, wallahi da gangan aka bar shi, kuma alƙawarin baki ba ya maye gurbinsa.

Sai kotu. Bi sawun waɗanda ake naɗawa kotun tsarin mulki tun kafin rigima ta taso. A Burundi a 2015 kotu ta ce zangon farko na Nkurunziza ba ya cikin lissafi tunda majalisa ce ta zaɓe shi a 2005, mataimakin shugaban kotun ma sai da ya gudu ya bar ƙasar yana cewa an matsa musu lamba. A Bolibiya jama'a sun ce a'a a raba gardamar 2016, amma a 2017 kotu ta buɗe wa Morales hanya.

Wani kuma zaɓen ne kawai ba zai yi ba, ka ji hukumar zaɓe na kukan babu kuɗi, rajista ba ta kammala ba. Wa'adin Kabila na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya ƙare Disamba 2016, ba a yi zaɓe ba sai Disamba 2018. Akwai kuma masu kwashe ikon su kai wata kujera, kamar Togo a 2024 da aka koma tsarin firaminista iko ya koma kujerar shugaban majalisar ministoci marar iyakar wa'adi, Faure Gnassingbe da ke shugaban ƙasa a lokacin ya hau.

To in ka gano fa? Ni dai ba na goyon bayan a zauna jiran soja, Tandja da Conde duk juyin mulki ne ya kawar da su kuma ba abin fata ba ne. A majalisa ake kashe maganar, kafin ran ƙuri'a. Ku matsa a yi muhawara a bainar jama'a, kowane ɗan majalisa ya faɗi matsayinsa da bakinsa 'yan mazaɓarsa na ji. Abin da ya taimaka a Najeriya kenan, an nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, ran 16 ga Mayu 2006 majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin. Sannan ku yi lissafi, kar ku tsorata da rinjayen jam'iyya mai mulki. Gyaran kundi galibi sai da kashi biyu cikin uku, a majalisar dattawan Najeriya mai kujeru 109 ana neman 73 kenan, in sanatoci 37 suka tsaya kai da fata magana ta mutu.