Kurakuran da ɗaliban injiniya ke maimaitawa a muhawarar ƙona shara

Duk zangon karatu nakan raba ɗalibai gida-gida su kwaikwayi taron jin ra'ayin jama'a kan gina masana'antar ƙona shara: ga kamfani, ga hukumar gari, ga mazauna unguwa, ga 'yan jari bola. Ɗalibai na sauyawa, kurakuran kuwa suna nan daram, har bakina ya gaji.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda kuke wasa da kujerar mazauna unguwa. Da an ɗora ɗalibi a kai sai ya hau buga tebur yana "ba ma so, ba ma so", aji na ta dariya. Wannan ya taɓa lalata mini zama sukutum a gaban baƙin da na roƙo su yi alƙalanci. Ɓangaren kamfani ko gumi bai yi ba, aka tashi ba wanda ya ƙaru da komai. Wa ya gaya muku mai ƙin tanderun ƙona shara a bayan gidansa jahili ne? A garin Gilly-sur-Isère na Faransa, a 2001 aka rufe wata masana'antar ƙona shara saboda gubar dayoksin, aka kashe dubban dabbobi, aka zubar da madara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni yanzu ba na barin mai wannan kujera ya shigo sai da tambayoyinsa a rubuce: wa zai auna hayaƙin, sau nawa a shekara, ina za a liƙa sakamakon, wa ke da ikon kashe wutar idan an wuce ƙa'ida?

Kai kuma na kamfani, ka daina fakewa da "ai fasahar zamani ce". Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce hayaƙi ya kai zafin digiri 850 a ma'aunin Selshiyas, ya daɗe a haka aƙalla sakan 2. Dayoksin kuma yakan sake haɗuwa yayin da hayaƙin ke hucewa, shi ya sa ake sanyaya shi da sauri kafin a tace. Bayyana wannan yadda dattijuwar da ke layin gaba za ta gane. In ka kasa, kai ma ba ka gane ba.

Wani babban kuskuren shi ne kwafo lissafin lantarkin da sharar Turai ke bayarwa daga intanet. Haba jama'a! Kun taɓa duba sharar da kuke cewa za ta ba da lantarki? Bankin Duniya ya daɗe da ba da shawarar cewa kilo ɗaya na shara ya kai kimanin megajul 7 (ma'aunin makamashi ke nan) na zafi kafin a yi tunanin ƙona ta. Sharar da ta cika da ragowar abinci, ƙasar tsakar gida da ruwan damina ba ta ci da kanta, sai an taimaka mata da mai. Shi ya sa nake sa kowane rukuni ya ɗebo bokitin shara, a auna, a shanya a rana, a sake aunawa, a tankaɗe ƙasar da rariya. Abin da ya rage, 'yan ledoji da kwali, shi ne makamashinku. Masu son misalin Afirka su karanci labarin masana'antar Reppie ta Addis Ababa a Habasha, wadda aka buɗe a 2018 don ƙona tan 1,400 a rana, kusa da jujin Koshe da ya rufta a 2017 ya kashe mutum fiye da 100. Ku karanta har da wahalhalun da ta sha bayan buɗewa.

Sauran ƙanana ne. Kada ku haɗa ƙona bola a bakin titi da tanderun masana'anta. Toka ba ta ɓacewa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sharar zai fito toka, wadda aka tace daga hayaƙi kuma guba ce, ku faɗi inda za a binne ta. Tanderu kullum yana neman ci, har Denmark da Suwidin suna shigo da shara daga waje, don haka hukumar gari ta tambayi wa zai biya idan sharar ta gaza. Birnin Harrisburg na Amurka ya nemi a ayyana shi matsayin wanda ya karye a 2011, bashin tanderu ne ya kai shi nan.

'Yan jari bola kuwa, ledar da kamfani ke son ƙonawa ita ce abincinsu. Su nake ba magana farko, don in an bar su ƙarshe lokaci ya riga ya ƙare.