Yadda ake tsara ƙwayar garkuwar jiki ta farauci cutar kansa ba ta taɓa mai jiki ba

In kana son gane yadda masana ke saka wa ƙwayar halitta umarni ta zama magani, to fara da CAR-T, wato maganin da ake sauya ƙwayoyin garkuwar jikin majinyaci su riƙa farautar cutar kansa, don shi ne ya fito daga ɗakin gwaji ya shiga asibiti. A 2017 Amurka ta amince da Kymriah na kamfanin Novartis don kansar jini ta yara da matasa, kuɗinsa a lokacin dala 475,000, kai dai bari.

Farko dai sai ka zaɓi alamar da za a bi a jikin ƙwayar cutar kansar. Ana ɗebo ƙwayoyin T, wato wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, daga jinin majinyaci, a cusa musu sabon umarni ta hanyar birus da aka cire wa dafi, a hayayyafa su, a ɗan yi wa mutum kemo, wato maganin kansa na sinadarai, sannan a mayar masa da su ta jijiya. Kymriah furotin CD19 da ke jikin ƙwayoyin kansar take nema, to amma fa lafiyayyun ƙwayoyin B, masu samar da sinadarin garkuwa, ma suna da shi kuma su ma kashe su ake, sai dai mutum na rayuwa haka in ana ƙara masa sinadarin garkuwa. A huhu ko hanta kuwa ba a wannan wasan, ka kashe lafiyayyen nama ka kashe mutum.

Shi ya sa mataki na biyu shi ne sharaɗi. Tawagar Wendell Lim a San Faransisko ta fito da wata dabara mai suna synNotch a 2016, ƙwayar sai ta ga alama ta farko tukuna makamin ya kunnu, sannan ba za ta kai farmaki ba sai ta ga ta biyu, kamar ƙofa mai kwaɗo biyu.

Sai birki, kuma a ganina shi ya kamata a fara zanawa tun kafin komai. Akwai iCasp9, wani makunnin kashe kai da ake saka shi cikin ƙwayar yana kwance shiru, in abu ya rikice sai a yi allurar rimiducid, mafi yawan ƙwayoyin su kashe kansu cikin kamar rabin awa.

Daga nan gwaji a kwanon ɗakin gwaji, sai ɓeraye, kafin mutum. Bayan an mayar wa majinyaci ƙwayoyin kuma a sa ido kan zazzaɓi da faɗuwar matsin jini, a tanadi tocilizumab kusa, maganin da ke lafar da garkuwar jiki in ta wuce gona da iri, shi ya ceto Emily Whitehead, wata yarinya mai kansar jini da aka yi wa CAR-T, a Filadelfiya a 2012.