Yadda ake zaɓar taya da rim na motar haibirid a Kumasi ba tare da an sayar maka da tayar ƙanƙara ba

Prius da Corolla da Camry masu haɗa fetur da batir sun fara yawa a titunan Kumasi, kuma galibinsu daga Amurka ko Kanada suka sauka a tashar Tema. Mutum ya sayi irin wannan mota don ya rage kuɗin mai, amma kafin wata biyu sai ka gan shi a Suame Magazine yana neman babban rim da taya mai faɗi, ko kuma ya kwaso tayoyin hom-yus huɗu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje, da aka ƙera domin dusar ƙanƙara. Duka biyun suna cinye ribar da ya sayi motar dominta, na biyun kuma har da ransa yake wasa.

Fara da buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai takardar da kamfani ya manna, ɗauke da lambar taya da yawan iskar da za a sa. Ita za ka bi. Kada ka dogara da abin da ke ƙafar motar yanzu, domin ba ka san hannu nawa ta bi ba. Prius ta 2010 zuwa 2015 yawanci 195/65R15 take ɗauka, wasu kuma sun zo da 215/45R17. Ta 2004 zuwa 2009 da aka sayar a Amurka 185/65R15 ce, ƙaramar Prius c kuma 175/65R15.

Lambar tsakiya ita ce mutane ba sa kula da ita. A 195/65R15, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kusan milimita 127, R15 kuma girman rim ne. A 215/45R17 gefen bai wuce milimita 97 ba. Wannan milimita 30 ɗin da ka rasa shi ne abin da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Duk wanda ya bi cikin Aboabo ko Asawase bayan ruwan Yuni, lokacin da rami ya cika da ruwa ba ka ganin zurfinsa, ya san abin da nake faɗa: taya ta yi ƙulu a gefe, rim ya lanƙwashe, iska ta riƙa zurarewa kullum safiya. A wurina magana ɗaya ce, Prius a ƙasar nan rim 15 ne nata. Ya fi sauƙin nauyi, tayarsa ta fi araha kuma ana samunta ko'ina, siririyar taya kuma ta fi yanka ruwan da ya kwanta a kwalta. Ko a Kanada, masu irin wannan mota ƙaramin rim da siririyar taya suke komawa idan hunturu ya zo.

In dole sai ka canza lamba, tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. 195/65R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, 205/55R16 kuma 632, don haka suna maye gurbin juna, amma ta biyun sai da rim 16. Wasu suna sa 205/65R15 don cikin motar ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Tana shiga, amma allon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kan 102, kuma mai zai ɗan ƙaru. Abin da ba na yarda da shi sam shi ne lamba biyu daban a mota ɗaya. Kwamfutar birki tana ƙirga juyin kowace ƙafa, in ta ga ɗaya ta saɓa sai ta ɗauka santsi ne, Prius kuwa da ta ji santsi take rage ƙarfi, ko da kana tsakiyar shiga babban titi.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Ka je wurin mai tayoyin hom-yus, ya mirgino maka wata baƙa wuluk, zanenta da zurfi, ka danna da yatsa ka ji taushi. Zai ce maka, "Maigida, wannan ko rabi ba a ci ba." Gaskiya ya faɗa, amma tambayi kanka me ya sa mai ita ya rabu da ita. A ƙasashen sanyi ana cire tayar hunturu tun da sauran zanenta. A Ostiriya ma doka ba ta lissafa ta a matsayin ta hunturu idan zanen ya gaza milimita 4. Shi ya sa take isowa nan da kyan gani. Robarta an haɗa ta ne don ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, yanayin da Kumasi ba ta taɓa gani ko a tsakiyar hunturunmu. A kan kwaltar azahar ta hanyar Techiman zuwa Kintampo robar tana ƙara sakewa, ta cinye da wuri, sitiyari ya riƙa yawo a kwana, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Kada kuma ka ce ai zanenta mai zurfi zai taimaka da damina. Ruwan sama mai ɗumi daban, ƙanƙara daban, tayar da aka yi wa zafi ta fi ta kama jiƙaƙƙen titi. Ga shi tana da nauyin ja, motar ta riƙa tada injin fetur a inda da batir kaɗai zai tura ta.

Gane ta ba wuya in ka tsuguna. Goge gefen tayar da tsumma, ka juya ta gaba ɗaya, ciki da waje. Kana neman ɗan hoton dutse mai tsini uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Tayoyin Japan sukan rubuta STUDLESS. Sunaye irin su Blizzak, iceGUARD, X-Ice da Winter Maxx duk na hunturu ne, duk da cewa manyan kamfanoni ne suka yi su, kuma a ƙasarsu tayoyi ne na kirki. Idan an kankare rubutun, dubi fuskar tayar: kowane ɗan dunƙulen roba za ka ga an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa, birjik kamar tsagar fuska. Wata ma za ka ga ƙananan ramuka inda aka cire ƙusoshi. Rubutun M+S a gefen taya shi kaɗai kada ya tsorata ka, yawancin tayoyin da motocin Amurka ke zuwa da su suna ɗauke da shi, kuma suna aiki lafiya a nan.

Kana tsugunen nan, karanta ranar ƙira. Lambobi huɗu ne a gefen tayar, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta hana tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, da wadda aka rubuta wa Temperature C, da wadda zanenta ya gaza milimita 1.6. Nemi A ko B. Tayar hunturu sau da yawa ba ta da wannan harafin ma gaba ɗaya. Sannan lambar nauyi da ke bayan girman, kamar 89 ko 91: 89 kilo 580 ce kowace ƙafa, 91 kuma 615. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke takardar ƙofa, batirin da ke bayan motar nan nauyi ne da ba ya sauka. Ni dai da hom-yus huɗu na babban suna, gara sababbi huɗu na matsakaicin kamfani. In kuɗin bai kai ba, sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, ka tara na sauran.

Rim kuma, ka tabbata ramukan noti sun dace. Prius ramuka biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100, Camry biyar a kan 114.3, Prius c huɗu a kan 100, ba sa shiga wa juna ko da ido ya ce sun yi kama. Rim ɗin Toyota na asali notinsa mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha ne, na kasuwa yawanci mai tsini, don haka rim da notinsa ake saye tare. Ce wa mai faci ya yi hankali da na'urar iskar da ke gindin bawul, ita ce ke kunna fitila a allo, kuma nan da nan ƙarfen cire taya ke karya ta. A yi balansin, a duba alaimen. Iska da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi: Prius ta 2010 mai rim 15 tana son PSI 35 a gaba, 33 a baya. Bayan ka yi tafiyar kilomita kamar hamsin, koma a sake ɗaure notunan.