Mai ciwon suga, ajiye ɗan madubi kusa da shimfiɗarka

Salam jama'a. In kana da suga, ko tsohonka na da shi, sayi ƙaramin madubi, irin na dala ɗari na kuɗin sefa a babbar kasuwa ma ya isa.

Kullum da dare in ka wanke ƙafa, ka aza shi ƙasa ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu. Minti biyu ne.

Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, sai ƙarangiya ko tsakuwa ta shige ka ba ka ji komai ba, ga jini ba ya gudu sosai, shi ya sa ɗan rauni ke zama gyambo. Babanmu kwana uku yana yawo da ƙusa a silifas, wallahi sai da muka ga jini a safa muka gane.

Ka riƙa zazzage takalmi kafin ka sa. Yashin Maradi da rana kuwa, kar ka taka shi ba takalmi ko daga masallaci ne zuwa ƙofar gida. Bayan alwala ka goge tsakanin yatsu, man kaɗanya a diddige kawai, ban da tsakanin yatsun.

Amma fa in idonka ya yi rauni, don suga na taɓa ido, madubi ba zai yi ba, sa ɗanka ko maiɗakinka su duba maka.

In kuma ka ga kumburi, baƙi, ruwa ko wari, kar ka sa toka ko garin magani, tafi asibiti ranar.