Daga Shere zuwa Kan Ƙanƙara: Yadda Mutumin Jos Zai Shirya Hawan Manyan Tsaunuka

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga bakin teku, ƙololuwar Shere kuma ta kai wajen mita 1,829. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. To amma inda ake taka ƙanƙara a Afirka ya wuce nan da nisa: Toubkal na Maroko mita 4,167, Margherita a tsaunukan Rwenzori na Yuganda mita 5,109, Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895. Abin da duwatsunmu za su ba ka shi ne ƙarfin ƙafa da juriya. Ƙarancin iska, da sanyin da ke daskarar da ruwa a gora, da tafiya a kan ƙanƙara, waɗannan sai dai ka san su da ka tun a gida, sannan ka koye su da jiki a can.

Fara zaɓar dutsen, domin shi zai faɗa maka irin kayan da za ka nema. A hanyoyin Kilimanjaro da aka saba bi, irin su Machame da Lemosho da Marangu, tafiya ce zalla, mafi yawan lokuta babu igiya babu gatarin ƙanƙara, wahalarsa tana cikin tsayinsa. Toubkal a watannin sanyi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, yana lulluɓe da dusar ƙanƙara, shi ya sa ya dace da mai koyo. Margherita kuwa sai an ratsa daskararren kogin ƙanƙara da igiya a ƙugu, bayan kwanaki ana cuɗa taɓo da takalmin roba. A ganinmu kada wanda bai taɓa wuce mita 4,000 ba ya fara da shi.

Abin da za a gama a Jos

Kafin ka sayi ko da safa ɗaya, je asibiti a duba jininka. Mai sikila ba shi ba hawan irin waɗannan tsaunuka, domin ƙarancin iskar oksijin na tayar da ciwon. Ko mai AS, wanda a gida bai san yana da komai ba, saifarsa na iya samun matsala a can sama, alamarta ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya shi ma ya zauna da likita tukuna. A yi gwajin maleriya dab da tafiya, saboda zazzaɓi da ciwon kai a mita 4,000 suna rikita jagora, ya rasa ko sauro ne ko tsayi. Katin rigakafin shawara kuma ya kasance tare da fasfo, ana tambayarsa a Yuganda da Tanzaniya.

Horon jiki ya ɗauki wata 3 zuwa 4. Sau biyu ko uku a mako a yi tafiya mai sauri ko hawan bene na awa ɗaya, ranar Asabar kuma a nufi Shere. Fara da kilo 5 a jakar goyo, kana ƙara kilo ɗaya duk mako biyu har ka kai 10 ko 12. Nauyin ya zama ruwa ne a jarka: lita ɗaya kilo ɗaya, idan ka kai sama sai ka zubar, gwiwarka ta huta a gangara. Ma'aunin da za ka gane ka shirya shi ne wannan. A daren ƙarshe na Kilimanjaro ana hawan kusan mita 1,200 daga zangon Barafu, sannan a sauko fiye da haka a rana guda. Daga gindin Shere zuwa sama bai wuce rabin wannan ba. Don haka sai ka iya hawa da sauka sau biyu a yini ɗaya, washegari kuma ka tashi ka sake yin tafiyar awa 4 ba tare da ɗingishi ba. Mutanen Abuja su yi amfani da tuddan Mpape da Katampe da matakalar dogon bene. Ku riƙa fita cikin ayari, ku sanar da mai unguwa ko mutanen ƙauyen da za ku ratsa, kuma da damina a sauko kafin hadari ya haɗu, saboda tsawa da santsin dutse.

Takalmi shi ne abin da ya fi kayar da mutane. Saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri a ƙafarka, ya fi lambarka da rabi ko ɗaya. Idan ka tsaya a gangara yatsunka suka taɓa gaba, ajiye shi, farce zai mutu. Duk horon nan a cikinsa za ka yi. Wanda zai ɗaura ƙarfen taka ƙanƙara yana buƙatar takalmi mai taurin tafi wanda ba ya lanƙwasuwa (irinsa ake kira B2 ko B3), don mai laushi yana tuɓe ƙarfen ana tsakiyar tafiya.

A wajen 'yan gwanjo na Katako ana dacewa da rigunan ulu, da jaket mai cike da gashin agwagwa, da hular sanyi da wandon ruwa, a farashin da bai kai kusa da na sabo ba. Amma igiya, da ɗamarar ƙugu, da hular kwano, da ƙugiyoyin ƙarfe, kada a saye su a gwanjo ko da sun yi kyau a ido. Zaren nailan yana tsufa ko ba a yi aiki da shi ba, masu ƙera shi ma ba sa yarda ya wuce shekara 10, kuma ba ka san faɗuwar da ya taɓa tarewa ba. Waɗannan a yi hayarsu a hannun kamfanin da zai yi maka jagora.

Sanyi

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Yi lissafi da kanka: daren da Jos take digiri 15, kan Kilimanjaro zai kusa 15 ƙasa da sifiri, ban da iska. Jaurar Disamba da ake kuka da ita a Bukuru somin taɓi ce.

Auduga ce babbar abokiyar gaba. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta zama sanyi a fatarka. Singileti da jins da safar auduga su zauna a gida. Rigar da ke manne da jiki ta zama ta ulu ko ta zaren roba, a kanta suwaita mai ɗumi, sai jaket mai kauri, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, minti 10 jiki zai ɗauka. Da an tsaya, tun kafin ka ji sanyin, ɗora jaket ɗin. Safar hannu biyu: siririya ta ciki wadda ba a cirewa, da babba marar rabuwar yatsu a waje, ɗaure da igiya a wuyan hannu don kada iska ta tafi da ita.

Idan yatsa ya yi fari, ya yi tauri, ba ka jin sa, ya fara daskarewa ke nan. A fata baƙa alamar takan fito toka-toka, shi ya sa rashin ji ya fi launi abin dogaro. Kada a murza, kada a goga ƙanƙara, kada a kara a wuta. Sa hannun a hammata, ƙafar kuma a kan tumbin abokin tafiya. In an isa masauki a jiƙa cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 na kusan rabin awa. Idan akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a sauka, gara a bar shi haka, domin narkewa da sake daskarewa ya fi ɓarna.

Ruwa lita 3 zuwa 4 a yini, ko babu ƙishi. Fitsari ya yi duhu, ka gaza. Ruwa daga sama yake fara daskarewa, don haka a kife gorar baki ƙasa a cikin safa. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da zuma sun fi cakulan amfani, amma a sa su a aljihun ciki, in ba haka ba dabinon sai ya fasa haƙori. Batirin tocila da waya su kwana a jikinka. Tabarau mai lamba 4 da ke rufe gefen ido wajibi ne a kan dusar ƙanƙara, ko da hazo, domin hasken da take mayarwa yana ƙona ido, ciwon kuma sai bayan awoyi yake tashi. Batun alwala a irin wannan sanyi, tambayi malaminka hukuncin taimama da shafa a kan huffi tun kana gida, kuma a kauce wa tsara hawan a cikin azumi.

Ƙarancin iska

A mita 5,500 iskar da kake shaƙa ta koma kusan rabin ta bakin teku. Zaman Jos ya ɗan taimaka maka kaɗan, kada ka dogara da shi. Ƙarfi ma ba ya karewa, hasali ma samari masu ji da kansu sun fi faɗawa, saboda suna gaggawa. Ƙa'idar ita ce: da an wuce mita 3,000, wurin kwanan yau kada ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma duk kwana 3 ko 4 a huta yini ɗaya. Da rana za a iya hawa sama a dawo ƙasa a kwana, hakan yana koya wa jiki. Saboda haka idan kamfani ya ba ka zaɓi tsakanin kwana 5 da kwana 8 a Kilimanjaro, biya kuɗin 8. Taki kuwa, wanda za ka iya hira a cikinsa ba tare da haki ba.

Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki sabawa, yawanci miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Likita ne zai rubuta, musamman ga wanda magungunan salfa ba sa karɓarsa. Tana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu. Ƙwayar barci da duk wani magani mai kodin a guje musu, suna rage numfashi cikin dare.

Ciwon kai da tashin zuciya da rashin cin abinci su ne matakin farko: a tsaya a wannan zangon, kada a ƙara hawa sai sun wuce. Alamomi biyu kuwa ba a jira da su gari ya waye. Mutum yana haki alhali yana zaune, ga tari, wani lokaci da kaki mai kumfa ja-ja, ruwa ya taru a huhunsa. Ko kuma yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Gwajin mai sauƙi ne: ja layi a ƙasa, ya bi yana haɗa diddige da yatsu. Ya kasa, a sauko da shi nan take, aƙalla mita 500 zuwa 1,000, da rakiya. Shi kansa zai ce lafiyarsa ƙalau, wannan musun ma yana cikin ciwon.

Ƙafa a kan ƙanƙara

Ƙarfen da ake ɗaurawa ƙarƙashin takalmi, kirampon, yana da haƙora 10 ko 12. Daidaita shi da takalminka tun a masauki da hannu mai ɗumi, maɗaurin yana fuskantar waje. Buɗe ƙafa fiye da yadda ka saba, kamar mai tafiya da sabon kaciya, in ba haka ba haƙorin zai kama wandon ɗaya ƙafar ka kifa. Inda gangarar ba ta yi tsanani ba, lanƙwasa idon sawu duk haƙoran ƙasa su shiga lokaci ɗaya. Mai koyo yakan taka da gefen ƙafa yadda yake yi a dutse, nan ne ƙarfen ke zamewa. Inda ta miƙe sosai sai a fuskanci ƙanƙarar a soka haƙoran gaba biyu, diddige a ƙasa kaɗan. Ka ɗaga diddige, haƙoran su fice. Idan rana ta yi, dusar ƙanƙara na dunƙulewa ƙarƙashin ƙarfen ta rufe haƙora, sai a riƙa bugun gefen takalmi da ƙotar gatari tana zubewa.

Gatarin, mai tsayin santimita 55 zuwa 65 ga yawancin mutane, yana hannun da ke ɓangaren tudu, tsininsa na kallon baya. Idan ka zame, kama ƙasan ƙota da ɗaya hannun, juya rub da ciki ta ɓangaren kan gatarin, danna tsinin da nauyin ƙirjinka daidai kafaɗa, ka ɗaga ƙafafu sama. Haƙoran kirampon suka kama ana cikin gudu, idon sawu zai karye ko ka wuntsila. Wannan sai an maimaita shi sau da yawa a gangara marar haɗari, jagora na kallo, kafin ranar hawa. A kan ƙanƙara mai tauri sosai dabarar ba ta cika tsayar da mutum ba, a nan igiya ce da kusoshin murɗawa da jagora ke kafawa.

Kogin ƙanƙara yana da tsage-tsage masu zurfi waɗanda dusa ke rufe bakinsu. Mutum 3 a igiya ɗaya, tazarar mita 10 zuwa 15 tsakaninsu, igiyar tana ɗan shafar ƙasa amma ba ta taru ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne na baya ya matso don hira: duk mitar da ta saki, mita ce da na gaba zai ƙara faɗawa cikin rami. Ko wajen hutawa kada a taru wuri ɗaya sai jagora ya soka ya tabbatar.

Dalilin fita tsakar dare ko kafin asuba shi ne a lokacin komai a daskare yake. Da hantsi ya yi, murfin ramukan yana laushi, duwatsun da ƙanƙara ta riƙe suna fara gangarowa. Don haka tun da daddare a yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe 10 na safe, ko an kai sama ko ba a kai ba. A gangara kuwa, lokacin da cinya ta gaji kuma hankali ya koma kan shayi, fuskanci ƙasa, ka ɗan durƙusa, ka buga kowane taki da ƙarfi, kuma kada ka cire kirampon ko ka kwance igiya sai jagora ya ce an bar ƙanƙara.