Yadda za a kula da mai shan ƙwaya idan an kulle gari

Dokar kulle ba ta raba mutum da shaye-shaye, abin shan take canja masa. A 2020, lokacin korona, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ga iyakokin ƙasa a rufe tun watan Agustan 2019. Zamfara ta sake shiga irin wannan hali a 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya. Idan hanya ta toshe, ƙwaya takan yi tsada, jabu ya yawaita. Wanda ya saba da tiramol sai ya koma shaƙar sholisho ko fetur, ko ya haɗa maganin tari mai kodin da ƙwayar barci don kaɗan ya bugar da shi. Wannan haɗin shi ke tsayar da numfashi.

Da farko a san me yake sha, domin kulawar ba ɗaya ba ce. A duba ɓawon maganin da ya yar a bayan ɗaki ko ƙarƙashin katifa. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai 50mg ne da 100mg. In aka ga 200 ko 225, na fasa-ƙwauri ne.

Mai tiramol ko kodin in ya rasa, cikin kwana ɗaya zai fara hamma, zufa, yoyon hanci, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. Abin kan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa wajen mako guda. Wahala ce sosai, amma abin tsoro a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, ya riƙa kurɓa. A ba shi kunu ko koko, da farasitamol don ciwon jiki.

Ƙwayar barci kuwa, irin su diazepam da Rohypnol, ba a yanke ta rana ɗaya. Wanda ya daɗe a kanta in ya daina kwatsam, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi har ta kashe shi. Likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan. In a Zamfara ake, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Yariman Bakura. In abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Ɗaure shi da mari ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai ba magani ba ne, kuma in jijjiga ta zo babu mai gani.

Ranar da aka buɗe gari ta fi kowace haɗari, nan ne iyaye ke sakin jiki. Bayan mako biyu babu ƙwaya, jiki ya manta da ita. Yaro ya samu, ya watsa adadin da ya saba a da, sai ya fi ƙarfinsa. A gaya masa wannan ƙarara tun kafin ranar, ko da ya rantse ya daina.

In aka tarar da shi yana wani irin minshari, an kira sunansa an girgiza shi bai motsa ba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, leɓensa ya yi duhu, to ba barci yake ba. A kwantar da shi a gefensa, a ɗaga haɓarsa don iska ta shige. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe su zuwa huhu. A garzaya da shi asibiti da ɓawon maganin a hannu, a ce wa ma'aikata ana zargin tiramol ko kodin ne, domin akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi. Ƙarfinta na iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko ya farfaɗo ya ce a tafi gida, a bari sai likita ya sallame shi.